GARKUWAR ARO: Kariyar Jariri Daga Ciki Zuwa Yaye



A gidajenmu na Titirou da Zongon Parakou, haka nan a Djougou, kowa ya san cewa kwana arba'in na farkon rayuwar jariri lokaci ne na kaffa-kaffa. Ana lulluɓe shi, ana hana fita da shi cikin iska, ana sa ido a kan duk mai ɗaukarsa. Wannan taka-tsantsan da muka gada yana da tushe, domin a tsawon rayuwar ɗan Adam babu watan da ya kai na farko hatsari. Kusan rabin yaran da ke rasuwa a duniya kafin su cika shekara 5, a cikin kwana 28 na farko suke rasuwa. Sai dai da yawa daga cikinmu mun san hatsarin ba mu san dalilinsa ba, shi ya sa wani lokaci mukan tsare ƙofar da cuta ba ta bi, mu bar wadda take bi a buɗe.

Dalilin shi ne jariri yana zuwa duniya da kariya iri biyu. Akwai tasa ta kansa, wadda aka gina amma ba ta taɓa ganin yaƙi ba. Akwai kuma wadda mahaifiyarsa ta ara masa, mai ƙarfi, amma mai ƙarewa a cikin 'yan watanni. Lafiyarsa a shekarar farko ta rataya ne a kan yadda aron nan ya cika, da kuma yadda aka gaggauta horar da tasa kafin aron ya ƙare.

Abin da ake ginawa a cikin mahaifa

Garkuwar jiki ba gaɓa ɗaya ba ce kamar zuciya ko ƙoda. Runduna ce mai sassa. Fata da majina su ne ganuwa. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakaru, daga cikinsu akwai masu haɗiye duk baƙon da suka tarar ba tare da tambaya ba, akwai kuma masu nazarin abokin gaba, su ƙera makamin da ya dace da shi, sa'an nan su riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Waɗannan makamai su ne ake kira antikor a Faransanci, mu kuwa za mu kira su makaman kariya. Kowanne da cutar da aka ƙera shi dominta, kamar makulli da kwaɗonsa, don haka makamin ƙyanda ba ya taɓa tarin fuka.

Ginin rundunar yana farawa tun kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Wajen mako na 3 da shigar ciki ƙwayoyin jini na farko suke bayyana. Wajen mako na 6 hanta ta karɓi aikin yin jini, daga wajen wata na 3 kuma ɓargo ya fara karɓa a hannunta, shi ne zai riƙe aikin har ƙarshen rayuwa. A daidai wannan lokaci wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna timus, take fara aiki. Makaranta ce, kuma mai tsananin jarrabawa. A cikinta ake koya wa wani rukuni na dakarun nan bambanta ɗan gida da baƙo, duk wanda aka ga zai ɗaga makami a kan jikin da ya fito daga cikinsa sai a hallaka shi tun bai fita ba. Fiye da 9 cikin 10 ba sa cin wannan jarrabawa. Likitoci sun daɗe suna ɗaukar timus a matsayin gaɓar da ba ta da wani amfani, sai a shekarar 1961 wani masani mai suna Jacques Miller ya cire ta daga jikin jariran ɓeraye a Landan, ya ga sun taso ba su iya kare kansu daga cuta.

Akwai wani abin lura a nan. Rabin halittar ɗan tayi daga mahaifinsa take, don haka a idon dakarun mahaifiya shi baƙo ne, ita ma a idon nasa baƙuwa ce. Da kowane ɓangare zai saki dakarunsa, da babu cikin da zai kai wata 9. Saboda haka aka yi wa rundunar ɗan tayi linzami, kuma linzamin nan ba ya kwancewa ranar haihuwa, a hankali yake sassautawa. Wannan yana da amfani, domin shi ke ba wa ƙwayoyin halitta masu amfani damar zama a hanjin jariri ba tare da an kore su ba. Amma shi ne kuma ya sa cutar da za ta tsaya a makogwaron babba takan wuce kai tsaye cikin jinin jariri.

Aro na farko, ta hanyar mabiyiya

Mabiyiya, wadda muke binnewa a bayan ɗaki, aikinta ya wuce kai abinci. Tana tsamo makaman kariya daga jinin uwa ɗaya bayan ɗaya tana tura su cikin jinin ɗa. Aikin yana farawa kaɗan-kaɗan wajen mako na 13. A wajen wata na 7 ɗan tayi yana da kimanin rabin abin da ke jinin mahaifiyarsa, mafi yawan saura kuwa a makonnin ƙarshe yake ƙetarewa, har ta kai jaririn da ya cika watanninsa yakan fito da makamai daidai da na uwarsa ko ma fiye. Daga nan za mu fahimci halin da bakwaini yake ciki: ya taso kafin a gama ɗaura masa guzuri. Maganin da ya fi yi masa amfani ba shi da tsada, wato a ɗora shi tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane dare da rana, a ba shi nononta ko da da ƙaramin kofi ne. An fara wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, a wani asibitin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi wa kaɗan.

Uwa ba ta iya ara wa ɗanta abin da ba ta da shi. Wannan shi ne sirrin allurar da ake yi wa masu ciki a wajen awo. Tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle muƙamuƙi, yana shiga jariri ta cibiya idan an yanke ta da reza mara tsafta ko an shafa mata toka, ƙasa ko kashin dabba. Yakan bayyana a cikin mako biyun farko, jaririn da ke kama nono lafiya sai a ga bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ba a yi wa jariri allurar wannan ciwo ranar haihuwa, uwarsa ake yi wa tun yana ciki, jikinta ya ƙera makamin, mabiyiya ta miƙa masa. Da wannan hanya Jamhuriyar Benin ta kai ga matsayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2010 cewa ciwon ya daina zama annoba ga jarirai da masu jego. Amma ƙwayarsa tana nan a cikin ƙasar da muke takawa, ba ta ƙarewa, duk macen da ba a yi wa allurar ba ɗanta a fili yake.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa ɓarnarsa a ɓoye take. Ƙwayoyinsa sukan taru a cikin mabiyiya, alhali mai cikin tana harkokinta a kasuwar Arzeke ba ta jin komai sai 'yar kasala. Mabiyiyar da ta kamu ba ta kai abinci yadda ya kamata, ba ta kuma tura makaman kariya da yawa, sai ɗa ya fito ƙarami, guzurinsa kuma ragagge. Domin haka ne ake ba masu ciki ƙwayoyin SP su haɗiye a gaban ungozoma, daga wata na 4, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, tare da gidan sauro. Al'adarmu ta ɓoye ciki har sai ya fito fili, musamman ga mai cikin fari da kunya ke hana ta faɗa, tana cinye rabin wannan lokaci. A nan nauyin a wuyan maigida da uwar miji yake, domin yarinya 'yar shekara 18 ba za ta ɗauki mayafi ta tafi awo ba sai an ce mata ta tafi, an kuma ba ta kuɗin zemijan.

Dakashi

Aro na biyu ta nono yake zuwa, kuma a nan ne muka fi yin asara da hannunmu. Har gobe akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, ana cewa ruwan nono ne da ya kwana, mai dauɗa, mai sa ciwon ciki. Mai haihuwar fari akan hana ta shayarwa kwana uku, wasu huɗu, har sai an wanke nonon. Wani wurin akan tatsa a jefa tururuwa a ciki, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau. A tsawon kwanakin nan jariri yana shan ruwan ɗumi, ko ruwan sukari, ko madarar akuya, ko zuma. Kakanninmu ba da mugunta suka yi haka ba, abin da ido ya nuna musu suka bi: ruwa ne mai kauri, rawaya, ɗan kaɗan, bai yi kama da nono ba.

To amma kaurin nan da launin nan su ne amfaninsa. Dakashi cike yake da wani nau'in makaman kariya da ba ya shiga jini, aikinsa shi ne shafe bakin jariri da makogwaronsa da hanjinsa kamar yadda ake yaɓe ɗaki kafin damina, ƙwayar cuta ta zo ta rasa inda za ta maƙale. Hanyar da ake ƙera su abin mamaki ce. Dakarun da ke hanjin uwa da huhunta suna haɗuwa da ƙwayoyin cutar da ke cikin gidanta, na ruwan randarta da ƙurar tsakar gidanta, sai su yi ƙaura zuwa cikin mama su zauna suna zuba makamin waɗannan ƙwayoyi a cikin nono. Ashe nonon matar Titirou an haɗa shi ne daidai da cututtukan Titirou. Babu gwangwanin madarar da zai iya wannan, komai tsadarsa. Bugu da ƙari, a cikin nono akwai wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa sam, an tanade su ne domin ciyar da ƙwayoyi masu amfani da ke zama a hanjinsa, su cika wurin su hana miyagu samun masauki, su kuma zama abokan atisayen dakarunsa.

Masana sun daɗe da gano wannan. A 1892 Paul Ehrlich na ƙasar Jamus ya ɗauki 'ya'yan ɓerayen da ba su da kariya daga wata guba, ya ba wa uwar da ke da kariyar ta shayar da su, sai suka sami kariyar alhali ba ita ta haife su ba. Kusa da mu kuma, a yankin Kintampo na ƙasar Gana, garin da fataken goro na dā suka sani kamar yadda suka san Djougou, an bi diddigin jarirai kusan 11,000, aka fitar da sakamakon a 2006. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da za a sa kowane jariri a nono tun ranar farko, da an kauce wa 16 cikin 100 na mace-macen watan farko, da kuwa a cikin sa'ar farko ne, da an kauce wa 22 cikin 100.

Masu cewa dakashi ya yi kaɗan su sani cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba a lokaci guda, kuma tsotson da yake yi shi ke kiran nono ya kawo. Masu cewa zafin watan Maris ba ya barin yaro ya zauna babu ruwa su sani kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne, uwa ce ya kamata ta ƙara sha. Duk ruwan da aka ɗura wa jariri kafin wata 6, komai tsarkin niyyar mai ɗurawa, yana iya ɗauko ƙwayar gudawa, yana kuma cike gurbin nono. Zuma kuwa, duk da albarkarta ga manya, tana iya ɗaukar ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin babba ke kashewa amma na jariri ba ya iyawa, don haka likitoci suka hana ba da ita kafin shekara ɗaya.

Mu da muka taso a gidan da ake sallama da asuba ana neman mai raɗa suna, mun san tambayar da za ta biyo baya: ina batun tahniki da dabino, ina kuma rubutu? Tahniki ɗan shafawa ne a dasashi, ba ciyarwa ba ne. Abin kiyayewa shi ne mai yin sa ya kasance lafiyayye, ba mai tari ko mura ko ƙuraje a leɓe ba, hannunsa kuma a wanke da sabulu. Addu'a kuwa tana isa ga jariri ba sai ta bi ta makogwaronsa ba. Idan an yi rubutu, mai jego ta sha. Shayarwa ta shekara biyu da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata ita ce kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau: nono zalla wata 6, sa'an nan nono da abinci har shekara biyu.

Wanka ma kada a yi gaggawarsa. Farin maiƙon da jariri ke fitowa da shi yana kashe ƙwayoyin cuta a fata, a goge jini kawai a bar wankan sai bayan kwana ɗaya. Cire belu da wanzami ke yi a makon farko rauni ne ake buɗewa a makogwaro, a daidai lokacin da jiki ya fi kasa tsare rauni, ga zubar jini, ga jariri ya ƙi nono saboda zafi.

Lokacin da aro ke ƙarewa

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Makaman da suka ƙetaro ta mabiyiya suna raguwa da rabi kusan kowane mako uku zuwa huɗu, jariri kuma bai fara ƙera nasa da yawa ba. Tsakanin wata 3 da wata 6 abin da ke jininsa yakan sauka ƙasa ƙwarai. Iyaye mata sun san wannan lokaci ko da ba su san sunansa ba, shi ne sa'ad da yaron da ya yi ɓul-ɓul yake fara mura da gudawa da zazzaɓi, a ce haƙori ne. Sau da yawa haƙori ba shi da laifi, aron ne ya ƙare a daidai lokacin da yaro ya fara kai komai baki.

Kwanakin da aka rubuta a karnen rigakafi an tsara su ne a kan wannan lissafi. Allurar rigakafi atisaye ce, ana nuna wa dakaru kamannin abokin gaba ba tare da ƙarfinsa ba. Ranar haihuwa ana yin BCG, wadda aka fara amfani da ita a Faransa a 1921, mai kare yara daga mummunan tarin fuka da ke hawa ƙwaƙwalwa, tare da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, wadda ta fi amfani idan an yi ta a cikin sa'a 24. A mako na 6 da na 10 da na 14 ake yin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da tetanos, tare da ta ciwon huhu da ɗigon gudawa. Ana maimaitawa har sau uku ne domin dakarun jariri ba sa riƙe darasi a karatu ɗaya. Uwar da ta kai ɗanta sau ɗaya, ya kwana da zazzaɓi ta ce ba ta ƙarawa, ta sha wahalar ba ta kwashi ribar ba. Ɗan zazzaɓin nan na kwana ɗaya ko biyu alama ce ta cewa dakaru sun amsa kira.

Ƙyanda kuwa sai wata 9, kuma dalilin jinkirin yana da ban sha'awa. Idan an yi allurar da wuri, ragowar makaman uwa sukan kashe ta kafin dakarun yaro su gan ta. Idan an makara, cutar ta riga allurar zuwa. Wata 9 shi ne tsakiyar da aka zaɓa wa ƙasashe irin namu, a ranar kuma ake yin ta shawara. Ƙyanda ba ƙuraje kawai ba ce, bincike ya nuna a 2019 cewa tana goge wani kaso na abin da dakarun jiki suka haddace a baya, shi ya sa yaron da ya warke daga gare ta yakan yi watanni yana fita wannan ciwo yana faɗawa wancan.

Akwai ƙwayoyin cutar da ke lulluɓe kansu da wata riga ta sukari, wadda dakarun yaro ba sa iya ganewa sosai sai ya kusa shekara biyu. Na sanƙarau suna cikinsu. Tsohuwar allurar sanƙarau ba ta kama ƙananan yara da kyau saboda wannan dalili, kuma manyanmu suna tune da annobar 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum kimanin 250,000 ta kashe kimanin 25,000 a ƙasashen yankinmu. Da masana suka ɗaure rigar sukarin a jikin wani sinadari da dakarun yara ke ganewa, sai aka sami MenAfriVac, aka fara ta a Burkina Faso a 2010, ta iso arewacin Benin a 2012. A Banikoara ne ma aka fara gwada kai ta ƙauyuka ba tare da ƙanƙara ba na 'yan kwanaki, ta kuma yi aiki. A watan Afrilun 2024 Benin ta fara allurar zazzaɓin cizon sauro ga yara, sau huɗu, farawa daga wata 6. Tana rage tsananin ciwon, amma ba ta ɗauke wa kowa ɗaura gidan sauro ba.

Mun san akwai masu shakka a cikinmu, kuma mun ga inda shakka ta kai mu. Daga 2003 zuwa Yulin 2004 an dakatar da ɗigon shan inna a jihar Kano saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Cutar ta bi hanyoyin da 'yan kasuwa da matafiya ke bi, ta sake shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, Benin na cikinsu, har ta kai Yaman da Indonesiya. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. 'Yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci su ne masu goyo a yau.

Duk da wannan tanadi, jaririn da bai kai wata biyu ba yana iya kamuwa, kuma jikinsa ba ya yin ƙara kamar na babba. Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ya yi jijjiga, ko gindin cibiya ya yi ja yana fitar da mugunya, to ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga tafiya, ba a kuma sayen sirop a bakin titi. A Parakou a nufi asibitin unguwa mafi kusa ko babban asibitin CHUD, a Djougou a nufi asibitin unguwa ko na Ordre de Malte, a riƙe karnen uwa da na ɗa a hannu. A hanya a saka shi a ƙirji a cikin zane, in yana iya tsotso a ci gaba da ba shi nono har a isa.